Tsatsar Fil a Littafin Maƙabarta

Don Ubaldo Cantillo ya yi shekara talatin da takwas yana riƙe da ɗakin karatu na garinmu, Santa Brígida, ni kuwa na yi goma sha tara ina share masa shi. Shi ya riƙe 'yata ranar baftisma, don haka komadre yake ce mini, ni ma kompadre nake ce masa idan babu baƙi. Mutanen gari sun san shi da ɗingishi da kuma faɗa a kan wanda bai mayar da littafi ba. Ba su san abin da ya yi da fil ɗari da goma sha huɗu ba, ba su kuma san abin da ni, Nicanora, na yi da su ba.

Ɗan masunci ne. Yana da shekara tara kifin nan mai ƙaya a wutsiya ya soke shi a dunduniya, ciwon ya ruɓe, ƙafar ta shanye. Da ubansa ya ga ba zai iya tsayuwa a kwale-kwale ba sai ya bar shi a makaranta, shi kaɗai cikin 'ya'ya bakwai. A can ya samu rubutun hannu mai kyau, siriri, kowane baƙi daidai da ɗan'uwansa. Bai taɓa aure ba. Idan mata suka tsokane shi sai ya ce, "Ai ina da mata, garar da ke cin littattafaina ce. Kullum muna faɗa, amma ba ta taɓa kwana a waje ba." Abincinsa ɗaya ne, dafaffen rogo da kifi, sai baƙin kofi sau huɗu a rana.

Shekarar da kogi ya shiga ofishin magajin gari aka kwaso rajistocin garin aka hau da su ɗakin karatu, domin shi a bene yake. Ruwa ya janye, ba wanda ya zo ɗaukar su. Ta haka littafin maƙabarta ya zama aikin Don Ubaldo: duk wanda aka binne, shi ke rubuta suna da kwanan wata da lambar kabari.

Sai miyagun shekarun nan suka zo. Ba sai na faɗa wa ɗan bakin kogi abin da ruwa ya riƙa kawowa ba. Masunta su tarar da mutum ya maƙale a komar kamun kifi, ko a saiwar bishiya a kwanar tsibiri. Wasu sukan tura shi da sanda ya wuce gaba, domin masu bindiga sun ce wanda ya tsamo gawa ya nemi tasa. Wasu kuma ba sa iyawa, sai su ja shi zuwa gaɓa. An ba Don Ubaldo umarni daga sama, da baki, cewa irin waɗannan a rubuta musu "ba a sani ba", da kwanan wata, da lambar kabari, kada ya ƙara ko ɗigo.

Bai ƙara ba a cikin littafin. Amma duk ranar da aka kawo gawa sai ya ɗingisa zuwa maƙabarta, wai zai duba lamba, ya tsaya ya ƙare wa mamacin kallo. A nan sai ya zaro ɗan guntun katin aron littafi daga aljihu, kamar faɗin yatsu biyu, ya rubuta abin da ya gani. "Namiji, furfura kaɗan, haƙorin sama na zinariya." "Mace, jar riga, tabon ƙuna a gwiwar hannun dama." Ba ya sa kwanan wata, ba ya sa lamba, da gangan, domin idan aka kama shi da takardar ba ta nuna kowa ba. Idan ya dawo sai ya ɗauki fil irin na tela ya maƙala ta a gefen shafin, daidai kan layin mamacin. Layin shi ke faɗin kabari, takardar kuma ita ke faɗin mutum, fil ne kawai ya haɗa su.

Bai gaya wa kowa ba, har ni. Ko bayan da abubuwa suka lafa bai buɗe baki ba, domin wasu daga cikin masu bindigar can suna nan a gari, sun buɗe shaguna, muna haɗuwa da su a coci. Littafin yana can ƙasan kabad, ƙarƙashin tsofaffin jaridu. Ni dai na san ba a taɓa masa wannan kabad ɗin, shi ke nan.

Shekara uku da suka wuce aka aiko mana da horo daga babban birni. Za a koya wa ma'aikatan ɗakunan karatu na garuruwan kogi yadda ake ɗaukar hoton tsofaffin littattafai a zuba a kwamfuta, kafin gara da danshi su gama da su. Kwana biyar, Litinin zuwa Juma'a. A lokacin an riga an naɗa Doña Zenaida shugabar ɗakin, mace mai kirki amma mai tsoron kunya a gaban baƙi. Ana buƙatar sunan mutum biyar, su huɗu ne, ita da Don Ubaldo da malaman makaranta biyu, sai ta cika da ni.

"Ni da aji huɗu na yi?" na ce mata.

"Ba jarrabawa za ki rubuta ba, Nica. Hannunki ba ya rawa, ke ke yi wa coci ɗinkin mayafin bagade. Zauna kawai."

Mai koyarwar matashiya ce, sunanta Maricela Ospina, dokta muke ce mata. Ta zo da akwatuna uku da fanka ta hannu, zufa na zuba mata kamar an watsa mata ruwa. Ta kafa kyamara a kan wani dogon ƙarfe mai lanƙwasasshen wuya, tana kallon tebur daga sama. Don Ubaldo ya zagaya abin sau biyu.

"Dokta, wannan zalɓen naki, kifi yake ci ko takarda?"

"Takarda, Don Ubaldo, amma ba ya haɗiyewa."

"Haka gara ma ta ce mini ranar da muka fara haɗuwa."

Daga ranar kowa zalɓe yake ce wa kyamarar, har ita dokta.

A wannan Litinin ɗin, muna tsakiyar koyon sa safar hannu, wata tsohuwa ta hawo bene tana haki. Na san irinsu da gani: baƙar riga, jakar leda a ƙirji, hoto a cikin jakar. Sunanta Hermelina Payares, daga wani ƙauye can sama, tafiyar awa biyar a jirgin ruwa. Ɗanta Wilfrido ya fita sayar da cuku shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, bai dawo ba. Ta bi garuruwan kogi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce masu tono na gwamnati sun gaya mata za su buɗe kabari su gwada ƙashi da jininta, amma sai ta kawo musu lamba ɗaya tak, ba sa tone maƙabarta a kan zato.

Ina share bakin ƙofa, na ji su. Don Ubaldo bai kalli hoton ba sosai.

"Doña Hermelina, hoto ba zai taimake ni ba, ruwa ba ya barin fuska. Yana da wata alama a jiki?"

"Ƙaramin yatsansa na hagu guntu ne. Adda ta cire masa yana yaro."

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya ce, "Ki dawo ranar Juma'a da yamma, bayan baƙin nan sun tafi. Ban yi miki alkawarin komai ba."

Ta ce za ta kwana a gidan 'yan'uwa mata na coci har Juma'ar. Daga baya ya gaya mini cewa tun a lokacin ya tuna da takardar. Ya so ne ɗakin ya zama babu kowa kafin ya fito da littafin.

Ranar Laraba ba ya nan. Wata takwas yana jiran ranar da za a cire masa yanar ido a asibitin birni, ranar ta faɗo a tsakiyar horon. Ya bar wa Doña Zenaida makullai, ya shiga jirgin safe.

Darasin ranar a kan maƙiyan takarda ne. Dokta ta nuna mana hotuna: gara, danshi, gam, sai ƙarfe. Ta nuna wata wasiƙa da tsatsar fil ta ci har ta huda, ta ce, "Duk ƙarfen da ke jikin takarda ciwo ne. Kafin littafi ya shiga ƙarƙashin zalɓe sai an raba shi da ƙarfe." Ta koya mana cirewa da hantsaki a hankali, ta yaba hannuna a gaban kowa. Ban ɓoye ba, na ji daɗi. Tun rasuwar mijina ba wanda ya yaba mini a kan wani abu. Da azahar ta ce gobe za mu ci gaba, ta tafi duba littattafan baftisma a wurin Fada, limamin cocinmu.

Doña Zenaida ta dubi kabad ɗin. "Gobe za ta ce mu fito da abin da muke da shi. Kada ta tarar da mu da ƙazanta, a je birni a ce mutanen Santa Brígida ba su san darajar kayansu ba. Mu shirya mata su tun yau."

Ta buɗe ƙasan kabad, ta ɗaga jaridun. Da ta buɗe littafin maƙabarta sai ta dafe ƙirji.

"Uwa Maryamu! Dubi abin da tsohon nan ya yi. Wannan littafi ne ko bushiya? Nica, zo da hantsakinki."

Na zauna bakin taga inda haske yake. Na karanta takarda biyu ko uku, na ga "jar riga", na ga "takalmin roba ƙafa ɗaya". Na ɗauka tsarabe-tsaraben tsufa ne, irin abin da yake rubuta wa kansa. Wani abu ya ɗan taɓa ni a zuciya, ba zan yi ƙarya ba, amma dokta ta ce ƙarfe ciwo ne, shugaba kuma ta ce cire. Na cire su ɗaya bayan ɗaya, ban yaga ko guda ba. Na zuba fil ɗin a kwalba. Takardun kuma na jera su a gwangwanin biskit, manya da manya, ƙanana da ƙanana, domin su yi kyan gani. Na ƙirga, ɗari da goma sha huɗu. Na je addu'ar yamma da sauƙin zuciya.

Da safen Alhamis dokta ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: HOTO TUKUNA, SANNAN TAƁAWA. Ta ce duk abin da aka tarar a cikin littafi, ko busasshen fure ne, a ɗauki hotonsa a inda yake kafin a motsa shi, domin wani lokaci wurin da abu yake shi ne dukan maganarsa. Na dubi Doña Zenaida, ita kuma tana duban ƙasa.

A daidai nan Don Ubaldo ya shigo, ido ɗaya a naɗe da farin ƙyalle, yana cewa, "Ga ɗan fashin teku ya dawo, ku ɓoye kofinku." Sai ya ga littafin a kan tebur, a buɗe, fes. Ya ga gwangwanin. Ya sa hannu ya ɗebo takardun, suka zubo ta tsakanin yatsunsa.

Bai yi ihu ba. Ya ja kujera ya zauna.

"Wa ya yi?"

"Ni ce, kompadre."

"Kin jera su yadda kika cire su?"

"A'a. Bisa girma na jera."

"Bisa girma," ya ce. Ya sake cewa, "Bisa girma." Sannan a gaban baƙuwa da malaman makaranta da kowa ya faɗi abin da ya ɓoye shekara ashirin, da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta jerin kayan kasuwa. Da ya gama, dokta ta cire tabarau ta rufe fuska da hannu. Ta ce laifinta ne, ita ta sa darasin ƙarfe gaba da darasin hoto, haka aka tsara mata a takarda kuma ba ta taɓa tambaya ba. Doña Zenaida ta ce nata ne. Shi kuma ya ce, "Ku daina rabon laifi kamar kifi. Da na buɗe baki da ba a yi ba." Ni kuwa na dubi hannuna. Hannun da ya yi aikin a jikina yake.

Dokta ce ta fara dawowa cikin hankalinta. Ta sa aka rufe tagogi, ta kwantar da fitila ɗaya a gefen littafin har hasken ya riƙa shafar shafin a kwance, ta ɗauki hoto, ta buɗe shi a kwamfuta ta ƙara masa girma. Sai ga su: kowane fil ya bar huda biyu a gefen layi, da ɗan zanen tsatsa a tsakani. Takardun ma kowace tana da nata huda biyu da tata tsatsar. Idan aka ɗora hoton takarda a kan hoton shafi, hudojin suka hau juna, tsatsa ta dace da tsatsa, to an mayar da mutum kabarinsa.

"Zai yiwu ke nan?" in ji Doña Zenaida.

"Wasu za su yiwu," in ji dokta. Ba ta ce duka ba.

Ranar Juma'a da yamma Doña Hermelina ta hawo benen. Don Ubaldo ya riga ya nemo takardar, ya karanta mata da idonsa ɗaya: "Saurayi, wando shuɗi, ƙaramin yatsan hagu guntu, tsohon rauni ne." Ta karɓa da hannu biyu ta manna a baki. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Wace lamba?"

Na matso zan yi magana, ya ɗaga mini hannu.

"Yana nan garin, Doña Hermelina, wannan na tabbatar miki. Lambar ce ta kuɓuce mini. Ki ba ni lokaci."

"Shekara ashirin da ɗaya na bayar, Don Ubaldo. Nawa kuma kake so?"

Ni na raka ta bakin jirgi washegari, a hanya na gaya mata gaskiya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Kina da 'ya'ya?" Na ce ɗaya. Ta ce, "Tana raye?" Na ce e. Ta gyaɗa kai ta shiga jirgi.

Dokta ta roƙi ofishinsu aka bar mana zalɓen wata shida maimakon sati biyu. Kullum da safe, idan na gama shara, sai mu zauna mu biyu. Ni ke ɗora takarda a ƙarƙashin kyamara, ni ke jan hoton a kwamfuta, domin hannunsa ya fara rawa. Shi ke kallo ya yanke hukunci. Mutumin da ya ce na'ura ba ta da amfani sai ga shi yana cewa, "Ƙara girma, komadre. Juya ta hagu kaɗan. Tsaya! Wa ya ce ki wuce?"

Abin da ya cuce mu shi ne kyan hannunsa. Yadda baƙaƙensa suke daidai da juna, haka yake soka fil, tazara ɗaya, karkata ɗaya, shekara da shekaru. Waɗanda ya soka cikin gaggawa ko cikin tsoro, a karkace, su ne suka yi sauƙi. A wata na farko mun mayar da talatin da ɗaya. Waɗanda ya soka a natse kuwa, takarda ɗaya sai ta hau layi huɗu ko biyar. Wata rana ya yi dariya mara daɗi ya ce, "Da na kasance ƙazami irin malaman yanzu da tuni mun gama."

Takardar Wilfrido ta hau layi uku: kabari na arba'in da bakwai, na sittin da biyu, da na tamanin. Mun kwana biyu a kanta, sai na lura da fensir aka rubuta ta, alhali yawancin sauran da biro ne. Na nuna masa. Ya rufe ido ya ce fensir yake ɗauka idan ana ruwa, domin tawada tana narkewa a aljihu. Na tamanin a watan Janairu aka binne shi, tsakiyar rani. Muka cire shi. Saura biyu, ɗaya a Mayu, ɗaya a Oktoba na shekara guda, duka cikin damina, duka bayan ɓatan yaron.

Ya yi ta ƙoƙarin tunawa. Ya sa na kai shi maƙabarta, ya tsaya a gaban kowanne yana dogara da sanda, rana na dukansa. Mai haƙa kabarin wancan lokaci ya daɗe da mutuwa. Ya ce yana ganin yatsan sarai, yana ganin wandon, yana jin ƙarar ruwa a kwanon rumfar maƙabarta, amma ranar ta ƙi zuwa. Na ce masa ya zaɓi ɗaya mana, in ba shi ba ne a tone ɗayan. Ya juyo da fushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Ban taɓa rubuta abin da ban gani ba, komadre. Ba zan fara a kan gawa ba."

Mun rubuta wa masu tono da lamba biyu. Suka amsa cewa an sa mu a layi, bayan masu lamba ɗaya.

Idon da aka yi wa aiki bai warke daidai ba, ɗayan kuma yana ta rufewa. A wata na biyar ya daina ganin hudojin ko an ƙara musu girma kamar faranti. Duk da haka yana zuwa ya zauna kusa da ni, ina faɗa masa abin da nake gani. Mun kai sittin da takwas. Iyalai tara sun samu nasu ta hanyar hotunan da dokta ta aika wa masu neman ɓatattu. Ya rasu ranar wata Talata a cikin Satumba, a kujerarsa ta gida, da kofi a gefensa bai sha ba. Ni na rubuta layinsa a littafin maƙabarta, da mummunan rubutuna, kabari na ɗari uku da shida. Allah ya ba shi hutawa.

Dokta ta aiko da wasiƙa ta ce a duk garin da take zuwa yanzu, darasin hoto shi ne na farko, tun kafin a sa safar hannu. Na furta zunubina a gaban Fada, ya ce kuskure ba zunubi ba ne. Na gode masa, amma kwalbar fil ɗin tana nan a ɗakina kusa da carbina. Takardu arba'in da shida suna cikin gwangwani har yau, kowace a ambulan ɗinta, ina duba hotunansu idan na gama shara.

Doña Hermelina tana zuwa duk ranar tunawa da matattu, biyu ga Nuwamba. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya hawa benen kuma, a maƙabarta nake samunta. Takan zo da kyandir shida, ta kunna uku a arba'in da bakwai, sannan ta bi ta bayan rumfa a hankali ta kunna uku a sittin da biyu. Bara ta miƙa mini ashana ta ce in riƙe mata, iska na kashewa. Muna tsaye na tambaye ta ko masu tono sun kira.

"Ba su kira ba," ta ce. "Kare da hannunki sosai, Nicanora, ai an ce hannunki ba ya rawa."